Koriyar Rigar Balkisu

Wanda duk ya buɗe wannan kaye, littafin rubutuna, ba da izinina ba, ya rufe shi ya mayar ƙarƙashin katifa inda ya ɗauko. In ɗana ne ko 'yata, ban yafe ba sai ya zo ya faɗa mini da bakinsa. In kuma bayan raina ne, to ka karanta, amma kada ka kai abin da ke ciki bakin famfo. Gidan nan ya sha bakin mutanen Dungas har ya ishe shi. Sunan 'yata ta fari ba za ka gan shi a nan ba. Ban taɓa kiransa da baki ba, ba zan fara da alƙalami ba. Ƙannenta Babba suke ce mata, ni ma haka zan rubuta.

Litinin, 10 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau Inna Ɗela ta shigo mini gida ba sallama. Katanga ɗaya ta raba mu tun ina amarya, ban taɓa ganin ta haka ba. Ina tuyar ƙuli ta kama hannuna da man da komai, ta ja ni waje har ƙofar shagon marigayi mai gidana, ta ce in duba abin da muka yi mata.

Ni rabona da shagon tun da Babba ta dawo daga Yamai ta lulluɓe keken ɗinkin ubanta da tsohon zani, ta cika wurin da fenti. Warin kawai nake ji daga nesa, shi da asans, wato fetur ɗin da take wanke buroshi da shi. Wai fentin mai ne, ba ya bushewa da wuri, shi ya sa ta jingina hoton a bakin ƙofa don ya sha iska. Bakin ƙofar da ke kallon hanyar famfo.

Balkisu ce a hoton, matar ɗan Inna Ɗela. Ko makaho ya shafa zai ce ita ce. Tana tsaye cikin koriyar rigar atamfarta, hannu ɗaya a ƙugu ta baya, fuskar ta ɗan cika. A gefen rigar ga ɗinkin da aka farke aka ƙara ƙyalle, har zaren an zana. Macen da ta taɓa haihuwa ba sai an yi mata bayani ba. Ni kaina da na gani sai da na runtse ido.

Ashe shi ya sa yarinyar ta daina fita sai da ƙaton hijabi. Sau biyu tana samun ciki yana zubewa, kuma duk biyun bayan labari ya zaga unguwa ne. Wannan karon suka ɓoye, ko ni ba a gaya mini ba. Inna Ɗela ta ce tun safe mata suke tsayawa da bokiti a ka suna kallo.

Ta ce, "Nafissa, kun sa mini yarinya a bakin duniya. In wani abu ya same ta, ki san inda za ki kai fuskarki."

Na ba ta haƙuri. Ban san sau nawa ba. Na shigar da hoton ciki da hannuna, fentin ya ɓata mini hijabi.

Talata, 11 ga Oktoba, da azahar

Man gyaɗana ya ƙare tun hantsi. Har matan da suke matsar nasu a gida sun zo saye. Kowace ta miƙo kwalba, idonta yana kan ƙofar shago.

Laraba, 12 ga Oktoba, da hantsi

Na yi mata faɗa. Wato na yi wa tukunya faɗa, ita tana tsaye a bayana. Haka muke magana tun tana ƙarama, ba yau zan juya in ƙura wa 'yar fari ido ba.

Na ce wa tukunyar, wanda ya kafa shagon nan ya yi shekaru yana auna matan garin nan. Shi yake fara sanin wadda ta rame, da wadda ƙugunta ya buɗe, da wadda mijinta ya daina saya mata yadi. Ko ni da muke kwana ɗaki ɗaya bai taɓa kawo mini labarin mace ba. Sai ga wadda ya ɗora a kan keke tun ƙafarta ba ta kai feda ba, ta ɗauki amanar awo ta rataye a titi.

Ta ce ita ba ta yi da nufi ba. Balkisu ta zo a ɓoye a buɗe mata riga, tana jiran a gama sai haske ya faɗo mata ta taga. Babba ta tambaye ta ko ta zana ta, Balkisu ta ce to.

Na ce to ɗin me? Abin da Balkisu ta sani shi ne irin zanen da kike yi da, na samfurin riga, mace doguwa kamar kara, kai kamar ƙwai, ba ido ba baki. Da wannan ta yarda.

Ashe ita ma ba ta yi wannan tunanin ba.

Irin wannan zanen ni ban taɓa ƙinsa ba. Da shi ta ci makarantar ɗinki a Yamai. Da shi ta samu aiki a gidan wata madam, har aka nuna rigunanta a babban otel, mata suna tafiya a kan dandamali. Har yanzu hoton yana cikin wayar salulata, na nuna wa kowa a biki. Sai ga ta a tasha da jaka biyu da katakai, wai ta gaji da zana mata marasa fuska. Wai hannunta ya fara cika fuskokin da kansa, madam ta ce ba fuska ake saya ba. Sai ta ajiye aikin. Aikin da ake biya duk wata!

Na yi makarantar lakwal har na samu takardar birbe, ba jahila ba ce ni. Amma ban ga littafin da ya ce a bar abinci a kama wari ba.

Juma'a, 14 ga Oktoba, bayan sallah

Yaya Alhassan ya biyo daga masallaci. Shi ne wan marigayi, tun rasuwar shi ake kai wa maganar gidan nan ko ina so ko ba na so. Bai zauna a tabarmar da na shimfiɗa ba. Ya ce Abdulmajid, mijin Balkisu, ya taso daga Kwaya inda yake koyarwa, ya same shi a gona a fusace. Da ƙyar ya hana shi zuwa ya fasa shagon.

Ya yi maganar hotunan mutane a gidan Musulmi, ya daɗe a kai. Wannan ni ma tana damuna, ba sai ya tuna mini ba. Sannan ya yanke: a ƙone hoton da sauran, a buɗe keke ta koma ɗinki. In ta ƙi, ranar da motarsa za ta kai gyaɗa Damagaram ta hau, ta je ta yi abinta inda ba a san ubanta ba. Ya ce bai wuce ƙarshen wata ba zai gama cika buhuna.

Ya kira ta da cikakken sunanta, ta fito ta durƙusa. Ta ce, "Baffa, na yi kuskure, zan je in roƙi gafara. Amma ba zan ƙone ba."

Ya ce to ta fara haɗa kaya.

Shekara shida tana Yamai ina kwana da ido ɗaya. Ta dawo ko shekara ba a yi ba.

Asabar, 15 ga Oktoba, da safe

Ta je roƙon gafarar. Inna Ɗela ta bar ta a zaure har rana ta take, sannan ta aiko a ce ba ta nan. Muna jin tarinta ta katanga.

Lahadi, 16 ga Oktoba, da yamma

Wari. Har tuwon yana ɗanɗanon asans.

Talata, 18 ga Oktoba, da la'asar

Na ce wa turmi, mutum in yana da hankali ya ƙone ƙyalle ɗaya ya zauna a gidan ubansa. Ga bukukuwan kaka sun matso, mata suna neman wanda zai ɗinka musu anko, suna kai yadi har Magarya saboda telolin nan ba su iya wuyan riga ba. Ga mai iyawa tana zaune tana dama kala kamar mai kunu.

Ta ce wa bayana, "Inna, in na ƙone wannan gobe za a ce in ƙone wancan."

Na ce a ƙone duka mana. Me aka rasa?

Akwai na tsoho mai sayar da goro a tasha, akwai na wasu mata suna sussuka. Na leƙa da ta fita, ba don komai ba, don in san yawan abin da ake magana a kai. Tsohon har haƙorinsa guda ɗaya da ya rage. Ban ce ba ta iya ba. Iyawar ce ma ta jawo mana.

Alhamis, 20 ga Oktoba, da hantsi

An tafi da Balkisu Magarya, gidan likita. Na ga lokacin da aka fito da ita, an riƙe ta ta kowane gefe. Inna Ɗela ta bi da ƙullin tsummoki. Da ta zo daidai ƙofata ba ta dube ni ba, ta tofar da yawu.

Alhamis ɗin dai, da azahar

Na san abin da likita zai ce. Mun karanta a kolej, jiki ne da jini da wahalar aiki, ba bakin kowa ba. Na sani. To me ya sa maganar Inna Ɗela ta ƙi fita daga kunnena?

Juma'a, 21 ga Oktoba, da yamma

Ba labari. Yau ba wadda ta zo sayen mai.

Asabar, 22 ga Oktoba, da safe

Ina hura wuta sai ga Babba da hoton a rungume. Idonta ya kumbura, tun shekaranjiya ba ta taɓa abinci ba. Ta ce in matsa ta sa shi a wuta.

Kwana da kwanaki ina cewa a ƙone. Da ta kawo sai raina ya ɓaci fiye da da.

Na ce ba a murhuna ba. Kin ɗauki surar mutum ba ki gaya mata gaskiyar abin da za ki yi ba, yanzu kuma za ki jefa ta a wuta tana kwance a gadon likita, nan ma ba ki tambaye ta ba? Wa ya ce miki naki ne? Kuma in mata suka ji an ƙone hoton Balkisu da abin da ke jikinta a ranar da take can, me kike so su ce?

Ta tsaya da shi kamar an dasa ta. Na ce ta mayar, ta juya fuskarsa bango, ta zo ta ci ɗumame. Ta ci loma uku.

Yaran yanzu komai da gaggawa. Zanawa da gaggawa, nadama da gaggawa.

Litinin, 24 ga Oktoba, bayan magariba

An dawo da ita. Abin ya tsaya, bai zube ba, Alhamdulillahi. An ce ta kwanta, ba daka, ba ɗiban ruwa, ba hawa kabu-kabu. Wannan a bakin mai kai musu ruwa na ji.

Yaya Alhassan ya aiko, buhuna sun kusa cika. Kamar na tambaye shi.

Laraba, 26 ga Oktoba, da hantsi

Na dama kunun gyaɗa na shiga. Na yi sallama sau uku kafin a amsa. Inna Ɗela ta karɓi kwanon ta ajiye can gefe kamar na kawo guba, ta ce mai jiki tana barci. Sai muryar Balkisu daga ɗaki, wai Inna Nafissa ta shigo.

Ta rame, sai idanu. Na zauna bakin gado na yi mata sannu, na ba ta haƙuri a madadin gidana. Ta bari sai da uwar mijinta ta fita duba tukunya, sannan ta tambaye ni ko an ƙone. Na ce yana nan. Ta ce ita fa ba ta ma gan shi ba. Duk garin nan an gani sai ita.

Na ce ba abin gani ba ne, ta kwanta ta huta.

Ta ce, "Inna, na farko da na biyu ko tsumma ba su bar mini ba. Kowa ya yi kamar ba a yi su ba. Wannan ko ya zauna ko bai zauna ba, ina so in riƙe abin da zai nuna ya taɓa zuwa."

Na gyara mata matashi, na ce ta sha kunun tun da zafi.

Na dawo gida na rasa wa zan yi wa faɗa. Na yi wa akuya.

Alhamis, 27 ga Oktoba, da la'asar

Na sa Babba ta cire ƙyallen daga katakon. Ta ce bai gama bushewa ba, kada a naɗe shi da ƙarfi. Na ce ban tambaye ta ba. Duk da haka a hankali na naɗe, cikin sabuwar tabarma, na ɗauka a kaina kamar mai kai aro.

Inna Ɗela ta tare ƙofar ɗaki. Na ce mata kayan Balkisu ne na dawo da shi, ba na ajiyar abin wani. In ta ga dama ta ƙone bayan na tafi, amma mai shi ta fara gani.

Balkisu ta daɗe tana kallo. Ta sa yatsa a kan ɗinkin gefen rigar, ta yi dariya, ta ce har zaren da bai dace da atamfar ba an sa. Sannan ta juya bango, kafaɗarta tana motsi.

Inna Ɗela ma ta kalla, ta gefen ido. Ta ce an ƙara mata hanci. Ta ce a sa shi can ƙasan akwati, ƙarƙashin kayan aure, kada wanda ya sake buɗewa sai an yi suna, in Allah ya kai mu. Ta ce kuma kada in ɗauka magana ta wuce.

Ban ɗauka ba. Amma ta dawo mini da kwanon kunu a wanke, da ɗan gero a ciki.

Asabar, 29 ga Oktoba, da yamma

Babba ta haɗa jaka biyunta. Ta ɗaure katakai da igiya. Keken ubanta ta goge shi, ta sa masa mai, ta sake lulluɓewa.

Ba wanda ya ce mata ta goge.

Lahadi, 30 ga Oktoba, da safe

Ban yi barci ba. Ƙafata ce ke ciwo.

Litinin, 31 ga Oktoba, bayan azahar

Motar gyaɗa ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Yaya Alhassan ya shigo ya ce ta fito, direba yana sauri.

Na shimfiɗa masa tabarma, na ce yau sai ya zauna. Na ce, Yaya, hoton da aka yi rigima a kai yana hannun mai shi. Laifin da aka yi na amanar awo ne, kuma ni zan hukunta shi, don a shagon mijina aka yi. Amma ban haifi 'ya don a ɗora ta a kan buhun gyaɗa ba.

Ya ce Nafissa, ashe ke ce kike ɗaure mata gindi. Ya ce maganar hotunan fa? Na ce wannan zan je in tambayi malamai da kaina, in ji da kunnena, ba saƙo ba. Ya ce duk abin da ya biyo baya kada a neme shi. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Ya fita ko ruwan bai sha ba. Na san sai na yi wata ina aika masa ƙuli kafin ya huce.

Na zaci an gama. Sai ita kuma ta ɗauki jaka. Ta ce wa ƙeyata ta gode, amma gara ta bi motar. Wai bayan abin da ya faru ba mahalukin da zai sake yarda ya zauna mata a Dungas. Ko tsohon mai goro ya aiko a ce masa ina nasa, yana tsoro. Ta ce in ta zauna, ko dai ta koma satar fuskokin mutane ko ta bari gaba ɗaya, kuma duka biyun ba za ta iya ba.

Direba yana ta matsa oda a waje.

Na ɗauki faifan waken da nake tsincewa da kujerata 'yar tsugunne. Na shiga shagon, karo na farko da ƙafata ba don in ɗauke wani abu ba. Na zauna inda hasken taga yake faɗowa, na ba ƙofa gefe. Na ce wa waken, in mutum yana da aikin yi ya yi, ni ba zan wuce la'asar a cikin warin nan ba.

Na ji an ajiye jaka. Na ji ana kwance igiya. Can na ji motar ta tashi.

Shekara ashirin da bakwai ban bari yarinyar nan ta kalle ni ido cikin ido ba, yau ta yi ta kallona har wuyana ya ƙage. Ni wake nake kallo. Sau ɗaya ta ce, "Inna, ɗan ɗago." Na ce a zana abin da aka samu.

Na leƙa da za ni alwala. Ba komai sai gawayi tukuna, kallabi da kunne da gefen kunci. Ta sa mini tamoji a goshi. Ni ba ni da tamoji haka.

Talata, 1 ga Nuwamba, da safe

Balkisu lafiya har yau. Na ji tana tari, na ji Inna Ɗela tana yi mata faɗan ta sauko daga gado.

Na tara yaran gidan nan bayan karin kumallo, har da Babba a bayana, na faɗa musu, kuma ina rubutawa don kada wani ya ce bai ji ba.

Daga yau ba a zana kowa a gidan nan sai wanda ya zo da ƙafarsa, aka nuna masa irin hoton da za a yi, da fuska da komai, ya zauna a kujera da saninsa. Abin da aka gani wajen awon riga ya mutu a wajen awon riga. Hoto ba ya shan iska a bakin ƙofa, ya bushe a ciki ko ya shekara. In an gama, mai fuskar ne zai fara gani, shi zai ce a ajiye ko a ba shi. Keke kuma za a buɗe shi da safe har azahar, don ba fenti za mu ci ba.

Nawa in an gama a juya shi bango. Kuma a rage tamojin.